Shanun ɗana ne, amma an ce ba ni da bakin tambaya

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don Allah ka ɓoye sunana, kuma ka saka shi yadda na rubuta, kada ka rage masa zafi. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san "ki yi haƙuri" kaɗai zai rubuta ya adana datarsa, haƙurin ne ya kawo ni inda nake yau.

Ni mutuniyar Kende ce, Bahausa, ina aure a cikin garin Bagudo. Maigidana Bafulatanin gari ne, noman shinkafa yake yi, ni kuma ina sana'ar gumi, wato in turara shinkafa in sayar. 'Ya'yanmu biyar, babban namiji ne, bari in kira shi Auwal don kada a gane mu. Bana ya gama sakandare, sakamako ya yi kyau, ya ci jarabawar shiga jami'a, kuma sunansa ya fito a fannin harhaɗa magunguna. Tun daga kuɗin lesin, rijistar jarabawa, motar zuwa Birnin Kebbi inda ya rubuta ta kwamfuta, har kuɗin karɓar gurbi, duk daga bakin tukunyar gumina suka fito, ban yi wa kowa gori ba. Saura kuɗin makaranta da hostal da guzuri da ɗan abin da zai riƙe, waɗannan kam sun fi ƙarfin tukunya, kuma lokacin rijista yana ta tafiya. Amma ban taɓa tayar da hankalina ba, domin yaron yana da shanunsa.

Ranar sunansa kakansa, Allah ya jiƙansa, ya ba shi karsana a gaban jama'a, kamar yadda suke yi a danginsu. Ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Suna cikin garken yayan mijina, wanda yara suke kira Baffa, da gonaki suka cinye burtali a nan sai ya ƙaura da garken tsallaken boda, cikin Benin. Duk sallah in ya zo sai ya dafa kan yaron ya ce shanunka sun yi albarka, mu kuma mu washe baki. Ni da na yi ta lissafin jami'a da waɗannan shanun tun yaron yana aji ɗaya, ashe ni kaɗai nake shirmena.

Kun san kunyar ɗan fari, mu ma Hausawa muna yi, amma ta gidan nan ta wuce kunya ta zama ciwo. Mijina bai taɓa kiran sunan yaron nan ba, daga "kai" sai "wancan". A gari Baban Hafsa ake ce masa, da sunan ta biyu. Ranar da aka ba yaron kyauta a makaranta uban yana gida yana gyaran injin ban ruwan da lafiyarsa lau. Da na ce masa ya yi wa Baffa maganar a sayar da ko bijimai biyu ne, sai ya ce to. Bayan kwana biyu na sake, ya ce za a duba. Na yi ta bi har ranar da ya gaji ya fito min fili, wai bakinsa ba zai iya buɗewa a gaban yayansa ya nemi abu don ɗan fari ba, a ce ya nuna so, gara ƙasa ta tsage ya shige. Na ce to ya tura wani, ya ce duk wanda ya tura ai shi ne ya yi magana. Na je wurin uwarsu, Inna, na durƙusa na yi bayani, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin uwa tana yawo da zancen ɗan farinta a baki kamar tallan goro ba. Wato uba ba zai tambaya ba, uwa ba za ta tambaya ba, yaro kuma ba ya yi wa Baffansa maganar dukiya. To wa zai tambaya, shanun?

Ranar kasuwar Tsamiya ta bakin boda na ce zan kai gumi, daga can na hau kabu-kabu na tsallaka. Na sani ban nemi izini ba, mai son ya zage ni a kan wannan ya zaga, na ɗauka. Na isa rugar da rana tsaka, ƙafafuna duk laka, aka ba ni nono na sha, na gaishe da kowa yadda ya kamata, sannan na ce wurin Baffa na zo. Ku ji abin da na tarar. Bijiman da nake lissafi an daɗe da sayar da su, wai an yi magani da kuɗin izinin kiwo, ba wanda ya ko shaida mana. Manyan shanun masu kyan kuma Baffa ya ba wani amininsa habbanaye. Ga wanda bai sani ba, aro ne na amana, a ba mutum saniya ya riƙe har ta yi masa haihuwar da aka yi alkawari, 'ya'yan nasa ne, sannan ya maido uwar, kuma ba a karɓa kafin lokaci. Al'ada ce mai kyau, ban ce ba. Amma me ya hana shi ya ba da nasa? Da shanun ɗana yake sayen suna, ana ce masa mai kyauta, saboda ya san su ne kaɗai a garken da ba mai bakin tambayarsu.

Na ce wa Baffa yaro ya samu jami'a, ina so a fitar da abin da ya rage a kai kasuwa. Ko kallona bai yi ba, yana ta murza igiya, ya ce:

"Ke ɗiyar Hausawa, mi kis sani ga shanu? In arme za ya yi, gobe in koro mishi su. Amma ba a sai da saniyar suna don takarda."

Wato don aure zai ba da su, amma ba don boko ba. Nan ne na manta da kowace irin kunya. Na miƙe tsaye a gaban maza na kira sunan ɗana cikakke, da ƙarfi, na ce shanunsa ne, kakansa ya ba shi, ni na haife shi kuma ina sonsa, duk wanda abin ya yi wa ciwo ya sha magani. Mata suka rufe baki, wata tsohuwa ta hau salati kamar an yi mutuwa. Baffa ya tashi ya shige daji ya bar ni tsaye. Ban yi nadama ba, kuma kada wani ya zo kwament yana nema min ita.

Ina hanyar komawa wani dattijo ya biyo ni, ashe shi ne aminin da aka ba habbanayen. Ya ce wallahi bai san na ɗan makaranta ne ba, shi dai an ce masa na gida ne. Ya ce in mai shanun ko ubansa ya zo da bakinsa ya nema, zai kwance su ya ba da, ba zai ci hakkin yaro ba. Amma in sani, ranar da aka karɓi habbanaye kafin lokaci, sunan Baffa ya mutu a wannan yankin, ba mai sake ba shi amanar ko akuya, kuma a ƙasar mutane yake zaune, da mutuncin nan kaɗai ake barinsa ya yi kiwo.

Kafin in iso Bagudo labari ya riga ni. Inna ta maido min da kwanon tuwon da na aika mata ko buɗewa ba a yi ba. Dangi suna ta waya, wai na tsallaka ƙasa na je na yi musu tsirara. Mijina, mutumin da ya kasa furta kalma ɗaya saboda ɗansa, ranar sai ga baki ya buɗe, har maƙwabta suna ji. Ya ce in sayi goro in je in ba Baffa da Inna haƙuri, in kuma cire bakina daga maganar shanu har abada, ko in tattara in koma Kende. Na ce masa ashe yana da murya.

Shi kuma yaron abin ya dame shi, ya rame, ya same ni a bakin murhu ya ce Umma ki bari kawai, badi ma shekara ce. Abokansa sun riga sun yi masa tayin mashin ya riƙa ɗauko kaya ta hanyar daji daga boda. Ni a garin nan nake, na ga yadda yaran nan suke dawowa, wani da karyayyar ƙafa, wani a kwance a bayan mota. Wanda ya fara jin ɗumin kuɗin boda kuma ban taɓa ganin ya koma aji ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da na ji shekaranjiya. Wata maƙwabciyata ta zo sayen gumi, cikin hira take ce min ashe za ku ba da fadamarku jingina, maigidanki ya zo wurin nawa sun yi magana, ranar Juma'a za a kira shaidu. Na ji kamar an zuba min ruwan zafi. Fadamar nan ita muke ci, ita nake samun shinkafar gumi, ita ce makarantar ƙannen Auwal huɗu, kuma kowa ya san gonar da ta shiga jingina a garin nan da wuya ta dawo. Da maigidan ya shigo na tare shi na ce me zai yi da kuɗin. Sai ya ce:

"Gona tawa ta. Ita ba sai na roƙi kowa ba."

Ko a nan bai iya cewa don wa ba. Wallahi ban san ko kuka zan yi ko in fasa masa tukunya a gabansa ba. Ashe yana son yaron, so mai tsanani, amma ya gwammace ya ɗauke abinci daga bakin yara huɗu da ya buɗe baki ya faɗa wa yayansa magana ɗaya. Shi Baffa yana can yana shan nono da sunan mai kyauta, mu ne za mu kwana da yunwa don kada fuskarsa ta ɓaci.

To jama'a ku gaya min. In yi shiru a ba da fadamar ranar Juma'a, Auwal ya tafi makaranta, ƙannensa su biya? Ko in ɗauki yaron da kaina in kai shi gaban dattijon nan ya nemi shanunsa da bakinsa, alhali na san ranar aurena ya ƙare, shi kuma dangin ubansa ba za su sake kallonsa ba? Na yi tunanin kai ƙara wurin hakimi, amma shanun suna wata ƙasa, kafin a gama zama an rufe rijista. Masu ilimin addini a cikinku ku faɗa min tsakani da Allah ko Baffa yana da ikon ba da aron abin da ba nasa ba. Wanda kuma zai ce min al'ada ce in girmama, na ji, amma ya fara gaya min wanne daga cikin 'ya'yana zan kira in ce masa shi ne zai haƙura.