Mutumin da ke Riƙe da Linzami

Kano, 12 ga Agusta, 1956

Zuwa ga mahaifina Malam Gwadabe, Haɗeja.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kuna lafiya, kuma ruwa bai ci shinkafar fadama ba.

Bayan haka, Baba, idon kakata Iya ya yi sauƙi, likita ya kwance mata bandeji. Jiya na ɗauke ta, da matata Huseina da yara, muka je gidan nune-nunen da Turawa suka buɗe. Mun ga ƙorai masu zane, da ƙasusuwan dorina, da ƙaramin injin jirgin ƙasa mai huci. Akwai madubin da ake leƙa ɗigon ruwa a ga ƙwari suna yawo. Iya ta leƙa ta ce, "Ashe da nama muke shan ruwa!" Har mai gadi ya yi dariya.

Ɗakin ƙarshe na hotuna ne. Iya ta tsaya gaban wani hoto, ta ƙi motsi. Bature ne a kan doki, wani dogon mutum na riƙe da linzami yana nuna hanya. Sai ta ce, "Bakari." Sunan mahaifinka. Baba, fuskarka ce sak.

Ta ce in karanta mata rubutun da ke ƙasa. Na ce ya goge. Ta ce, "Haruna, idona ne ya yi ciwo, ba hankalina ba." Na karanta: "Jagoran sojoji zuwa Haɗeja, 1906."

Tun daga nan ba ta ci abinci ba. Me zan yi?

Ɗanka mai biyayya,
Haruna

Haɗeja, 19 ga Agusta

Haruna,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta zo, na karanta, na sa ta a murhu.

Ubana ya mutu a ƙofar gari ranar da Nasara suka shigo, da mashi a hannunsa, ina goye. Kowa ya sani. Gidan Shahidi ake ce wa gidanmu tun ba a haife ka ba. Tsohuwar da aka yanka wa ido jiya ce za ta gane mutum a takarda?

Da ruwa bai yanke hanyar Malam Madori ba, da ka gan ni. Mutanenmu na shiga Kano kullum, ɗaya ya gani, gari ya ji. Kai da ka iya bakin Turawa, ka je ka sa a sauke hoton nan. In sun ƙi, kana da hannu.

Ka gai da Iya. Allah ya shirye ka.

Gwadabe

Kano, 27 ga Agusta

Baba,

Gaisuwa da neman gafara. Na je. Baturen gidan ya ce hoton ba ya sauka. Na tsaya gaban hoton ni kaɗai, mai gadi ya juya baya, na ɗaga hannu, amma na kasa.

Da na gaya wa Iya abin da ka umarce ni, sai ta ɗauki mayafi ta ce a mai da ita can. Ta zauna a ƙasa gaban hoton tun hantsi har azahar, mutane na ratsa ta. A hanya ta ce, "Ka nemo alƙalami. Abin da na faɗa ka rubuta, kada ka gyara."

Ga takardarta nan a haɗe. Ka yafe mini.

Haruna

Gwadabe ɗana,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka.

Ubanka ne. A bakin kogi sojoji suka same mu, kusa da Kafin Hausa, yana gyaran komarsa ta kamun kifi, kana bayana. Soja ya ɗora maka bakin bindiga. Bakari ya ce, "Ku ƙyale su, zan kai ku."

Bayan gari ya faɗi da kwana uku ya zo bayan danga ya kira ni. Ƙannena biyu na cikin waɗanda aka binne. Na ce masa, "Mijina ya mutu." Ya juya ya yi gabas, ban sake jin labarinsa ba.

Kabarin da na nuna maka kana yaro, wani baƙo ne da ba wanda ya zo nema. Kada ka daina yi masa addu'a, ba shi da kowa sai kai.

Kada a taɓa hoton nan. Ka zo ka ga ubanka. Ni zan riƙe maka hannu in nuna maka shi.

Ka huta lafiya.

Uwarka,
Zainaba