Zaren da Aka Yanke a Wuyan Kwalabe

Zuwa ga Shugaban Kwaleji, ta hannun mai girma Edita.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Bayan haka:

Damina huɗu ke nan ina ɗauke da magana ɗaya, ta ƙi kwanciya a cikina. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinka. Zuwan farko masinja ya ce kana taro, na biyu ya ce ka tafi rangadi, na uku ko kai bai ɗago ba. Shi ya sa na biyo ta jarida, inda kowa zai ji. Ban yi boko ba, ba na kuma jin kunyar faɗa. Maƙwabcina ne ke rubutawa, na kuwa sa shi yana maimaita mini kowane layi, don kada ya sassauta abin da ban sassauta ba.

Ni ne Tanko na Makera, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana wankin kwalabe da shirya tebura a ɗakin gwajin kimiyya na kwalejinka. Na san ka tarar da maganar ne, ba a gabanka aka yi ba. Amma littafin da aka rubuta laifina yana hannunka yanzu.

Na farko, zancen zare. Ruwan asid, da ruwan soda, da tataccen ruwa, duk farare ne, duk a cikin manyan kwalabe iri ɗaya. Tunda ba na karatu, sai na riƙa ɗaura musu zare a wuya. Ja na asid, baƙi na soda, fari na ruwa. Ƙulli ɗaya mai rauni ne, wanda ɗalibai ke aiki da shi. Ƙulli uku mai ƙarfi ne, wanda in ya ɗiga a riga sai ya huda ta. Baturen da ya ɗauke ni aiki, wanda muke kira Mai-lofe, ya ga zaren, ya tambaya, na yi masa bayani, ya yi dariya ya ce in ci gaba. Daga baya shi kansa zaren yake dubawa kafin takarda. A tsawon zamana da shi ko farcen ɗalibi ɗaya bai ƙone ba.

Na biyu. Da Mai-lofe ya koma ƙasarsu aka kawo wani sabon Bature, dogo, mai sauri a komai. Bai yi wata biyu ba wani ya raɗa masa cewa wai layu ne tsohon nan yake ɗaurawa. Har yau ban san ko wane ne ba, Allah ya sani. Bai kira ni ba, bai tambaye ni ba. Ranar Juma'a, ina masallaci, ya bi kwalaben da almakashi ya yanke zaren duka, ya lilliƙa musu takardu da gam. Da na dawo na ce masa damina ce, ɗakin yana da laima, kuma kyankyasai suna son gam ɗin nan kamar zuma. Tafinta ya faɗa masa. Ya ce wannan ɗakin ilmi ne, ba ɗakin boka ba.

Na uku, kuma a nan nake so ka natsu. Sauran mako ɗaya jarrabawa, an sa ranar Litinin ɗalibai su yi gwajin share fage. Ranar Asabar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwanon rufi ya yi yoyo daidai kan kanta. Ni na sauke kwalaben shida na kai su lungu don kada ruwa ya shiga. Wannan na yi shi, ban taɓa musu ba. Litinin da safe muka buɗe ɗaki, takardu huɗu suna ƙasa, kyankyasai sun lashe bayansu tas. Na ce wa Baturen na gusar da kwalaben, ba a jeren da ya bar su suke ba, a gwada kowace kafin a zuba wa kowa. Gwajin nan ba ya ɗaukar lokacin shan kofin shayi. Ya dubi agogo, ya dubi ɗalibai sun yi layi a bakin ƙofa, ya tsinci takardun ya mayar bisa jere, da hannunsa.

Ka san yadda ake aikin. Ɗalibi zai sa siririn gilashi a baki ya zuƙo ruwan soda har zuwa zanen awo da ke jikin gilashin, ya toshe da yatsa, ya juye a kwalba, sannan ya riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo har launi ya juya. Akwai wani ɗalibi, Yohanna, mutumin wajen Kagoro, magidanci ne ma, yana da mata da 'ya. Don tsoron jarrabawa, ya zuƙa da ƙarfi, ruwan ya haura masa baki. Da mai rauni ne, kurkurewa kawai zai yi. Mai ƙulli uku ne. Ni na kama ƙeyarsa na danna kansa ƙarƙashin famfo, ni na goya shi a keke zuwa asibiti. Jarrabawar nan bai zauna ta ba, malantar da ya zo nema bai samu ba. Yanzu yana auna kaya a tashar jirgin ƙasa, maganarsa ba ta fita sosai. Duk sallah sai ya zo gaishe ni. Ku tambaye shi wa ya liƙa takardun.

Na huɗu. Kwana biyu bayan haka aka sallame ni. Akawu ya karanta mini abin da aka rubuta: wai na hautsina kwalabe don fushin an cire mini layu. Ba kuɗi nake bi ba, ranka ya daɗe, kada ka aiko mini da ko kwabo. Maganar ce ta riga ni isa Makera. Ni ne nake kiran salla a masallacin unguwarmu tun kafin a fara zancen masaƙa a Kakuri. Wata asuba na fito na ji muryar wani yana kiran sallar. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Yanzu in an yi ɗaurin aure a layinmu, sai dai in ga goro a hannun mutane. Baturen kuwa ya gama wa'adinsa ya hau jirgi, aka yi masa liyafa.

Na biyar, abin da ya sa na ƙi yin shiru bana. Jarrabawar ta sake zagayowa, sauran mako uku. Ka san inda ɗalibanka ke zuwa ran Lahadi? Zaurena. Suna jingine kekuna a bayan gida don kada a gan su. Ba ni da kayan aiki, sai na jiƙa zoɓo, na sa kanwa ya yi duhu, su riƙa ɗiga ruwan lemun tsami da karan alkama har jan ya dawo. A nan suke koyon haƙurin ɗigo ɗaya, da yadda ake sunkuyawa ido ya yi daidai da zane, da yadda ake zuƙa a hankali harshe na tsare da bakin gilashi. Lissafin ba nawa ba ne, na malamansu ne. Hannun kuwa ni nake gyarawa. Su ne suka gaya mini har yanzu takarda da gam ne a jikin kwalaben, har yanzu kwanon na yoyo. Wato tsohon da bai isa ya taka ƙofarku ba, shi ne ya isa ya shirya muku ɗalibai a ɓoye.

Ga abin da nake roƙo. A gwada kowace kwalba a gaban ɗalibai kafin ranar jarrabawa, a yi musu alamar da ƙwaro ba ya ci. In zare ya yi muku kama da asiri, ku sa fenti, ni ba ruwana. Sannan a kira Yohanna, a kira tafintan, a kira ni, a buɗe littafin. In an ga gaskiyata, a soke layin nan, a ba ni takarda da sa hannunka, in kai wa limaminmu ya karanta bayan sallar la'asar, mutane na zaune.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya ba ɗalibanka sa'a, ya fito da su daga ɗakin nan da bakinsu lafiya.

Na tsufa, idona ya fara hazo, ba ni da wata damina huɗu ta jira. In kun bincika kun ga ni ne mai laifi, ku rubuta haka, ka sa hannu, zan karɓa in je in ji da Ubangijina. Amma wani a cikinku ya amsa mini. Gidana na uku ne daga rijiyar bakin kasuwar Makera, kullum ina zaure.

Wassalam, tare da girmamawa.

Ni ne,
Tanko mai wankin kwalabe, Makera, Kaduna.