Kwanton Ɓauna a Teburin Caz

Toledo, Lahadi, 9 ga Maris

Noreen tawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar yayarki Bernice kuma tana samun sauƙi. Ki yi mata sannu.

Cikin alhini nake sanar da ke cewa jiya Asabar, da ƙarfe uku da kwata na rana, a ɗakin ƙasa na gidan Caz Wojcik, mijinki ya ci wasan karta. Tun daga lokacin ba wanda ya ƙara yi mini magana.

Kin san kartar da muke yi, poka, mai iyaka ce: dala biyu a zagayen farko, huɗu a na ƙarshe. Shekara goma sha tara muna yi, ba wanda ya yi arziki, ba wanda ya sayar da mota. To, jiya aka raba mini sarki biyu. Aka buɗe katunan tebur da kowa ke haɗawa da nasa, ga sarki na uku, daga baya kuma takwas biyu suka fito. Sarki uku da takwas biyu, Noreen! Sau ɗaya a shekara mutum yake ganin irin wannan hannu.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in zuba huɗu kai tsaye kowa ya gane ina da kaya, ko in ƙwanƙwasa tebur in wuce kamar ba ni da komai, in bar wani ya zuba sannan in ƙara masa. Kwanton ɓauna ke nan, kuma littattafai uku da ke kan kantata sun yarda da shi. A wasa mai iyaka ba ka iya tura tuli, huɗu-huɗu ake tsinta. Na ƙwanƙwasa. Caz ya zuba. Otis da Dolores suka jefar da nasu. Na ƙara.

Caz ya ce, "Au, Farfesa, a gidana? Kana cin tsiran aladena kana yi mini kwanto?" Ya ƙara. Na sake ƙarawa har iyaka.

Bai ma jira na buɗe ba ya maka nasa a tebur: "Zuciya biyar! Je ka karanta wannan a littafinka!" Na duba. Huɗu ne masu zuciya, na biyar daiman ne. Ja dai ja ne, amma ba ɗaya ba ne. Na sa yatsa na nuna masa, kamar yadda kowane malamin makaranta zai yi. Ya ɗauki katin ya kai shi har bakin hanci, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya gaji. Otis ya tashi neman hularsa. Dolores ta kwashe kwanon pierogi ɗinta, curin fulawar nan mai dankali a ciki, ba ta ko ce in ɗauki ɗaya ba.

Na san dattawa na ganin kwanton ɓauna rashin kunya ne tsakanin abokai. Amma a ina aka rubuta? Mutanen da suka lalata wasan da kansu! Tun bara Dolores ta tsiri shelar duk katin da aka buɗe, "Takwas mai zuciya!", kamar mai kiran lambar bas. Otis kuwa ko mene ne a hannunsa ba ya ƙara wa Caz, sai ya bi kawai, ya yi maza ya buɗe nasa. Wannan ba poka ba ce, zaman makoki ne.

Na shayar da furanninki. Kyanwa lafiyarta lau.

Naki,
Lyle


Toledo, Lahadi, 23 ga Maris

Noreen,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da Bernice ta fara takawa da sanda. Wasiƙarki ta iso, kuma na lura ba ki taya ni murna ba.

Asabar biyu ke nan ba a kira ni ba. Ta farko na ɗauka an ɗage wasan. Jiya na bi ta layinsu, don kawai hanyar kantin magani ce, sai ga motar Otis da ta Dolores a ƙofa, da wata koriya da ban sani ba. An ba wani kujerata, Noreen. Kujerar da na ɗaure ƙafarta da waya da hannuna.

Na tare Otis, dikin mai hidimar cocinmu, bayan coci. Na ce, "Dikin, hukuncin na wata nawa ne?" Ya ce, "Farfesa, kai da ka karanta komai, je ka duba a shafi na arba'in." Na ce ai lissafi yana bayana. Ya ce, "To ka gayyaci lissafin ranar Asabar, ku soya tsiran alade tare."

Na zauna na sake auna hannun a takarda har sau uku. Da na zuba kai tsaye, da wataƙila Otis da Dolores sun bi ni, wataƙila kuma sun gudu. Da kwanto kuwa na sami huɗu sau huɗu daga mutum ɗaya. Ko ta ina aka ɓullo, ban yi laifi ba. Kuɗin ma suna nan cikin gwangwanin kofi, ban taɓa ba, ko kallonsu ba na son yi.

Ranar Asabar gidan nan yana da girma sosai. Jiya na tsinci kaina ina raba wa kyanwa kati.

Kin tambaye ni wa yake kai Caz coci tun bara, da kuma dalilin da ya sa ya kafa fitilar kanikawa a saman tebur. Ban ga abin da ya haɗa wannan da maganar da nake miki ba. 'Yarsa ce take kai shi, motarsa tana gareji. Fitila kuwa, ɗakin ƙasa ai duhu gare shi.

Naki, wanda aka zalunta,
Lyle


Toledo, Alhamis, 27 ga Maris

Noreen tawa,

Ina fatan kuna lafiya ke da Bernice.

Ina cikin liƙa wa waccan wasiƙar kan sarki na gane. Motar Caz ba ta gareji, tana bayan gida a lulluɓe da tamfol, na sha wucewa ta gabanta. Na kira Dolores. Ta ce, "Sai yanzu? Shekara guda ina tsage maƙogwaro, ka ɗauka waƙa nake koya?" Ta ce idon Caz yana tafiya, likita ya ce ba ya dawowa. Sun shirya ne su uku, ita da Otis da 'yarsa: a faɗa masa abin da ke tebur ba tare da an ce don shi ake yi ba, kada a ƙara masa, kuma mai ci ya riga shi buɗewa, don ya jefar da nasa a kife ba wanda ya gani. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba? Ta ce sun ɗauka mai ilimi zai gani da kansa.

Abin da ya fi ci mini rai, ko da zuciya biyar ɗin gaskiya ce, hannuna ya fi nasa. Da na shimfiɗa sarakunana na yi shiru, da ya zage ni ya kwashe katinsa, an ci gaba da wasa. Yatsan nan ba shi da wani aiki a wurin.

Jiya da rana na je gidansa. Ya bar ni tsaye a ƙofa har sanyi ya shiga takalmina. Na fara jawabin da na shirya, ya katse ni: "Farfesa, kada ka yi mini lacca. Kwanton bai dame ni ba, a ƙarshe dai wani ya yi wasa da ni kamar mutum. Na san abin da waɗancan biyun suke yi, ba kurma ba ne ni." Ya ce mai koriyar mota surukin Otis ne, kuma ko raba kati bai iya ba.

In zo ranar Asabar, amma da sharaɗi. Zan zauna a damansa, ni zan riƙa shelar kati da ƙarfi, tunda idona ya fi na kowa, muryar Dolores kuma ta ishe shi. Ya ce in ƙara masa duk lokacin da na isa. Tsiran alade na wata uku kuma a wuyana.

Littattafan suna nan, ban ce sun yi ƙarya ba. Katin na karanta daidai, mutumin ne ban karanta ba. Ni ne da laifi, Noreen. Ba sai kin faɗa wa Bernice ba.

Naki har kullum,
Lyle