Garinmu Kore Ne a Taswira

Litinin

Auta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran nan uku. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka daina zama da yunwa a ofis.

Ka ce kada in ƙara yi maka maganar aiki a waya, wai ana sauraren wayoyinku a ma'aikatar lafiya. To ga takarda, irin ta zamanin da. Na ba direban da ke kai muku samfurin gwaji, ya ce ya san teburinka, wanda ke bayan ƙofa kusa da tagar da ba ta rufuwa. Shekara goma sha ɗaya a babban birni, ashe bayan ƙofa aka ajiye mana kai.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ɗakin da nake kula da shi yau akwai mutum goma sha huɗu da numfashi ke sarƙe musu. Tukunyar oksijin biyu gare mu, ɗaya ma tana yoyo, mun naɗe bakinta da filasta. Makon jiya mutum biyar suka rasu a hannuna, har da malamin da ya koya maka lissafi a firamare. Kowace Litinin ina cika fom da hannuna, likita ya sa hannu, mu aiko muku. Kowace Laraba kuma rediyo ya ce garinmu kore ne a taswira, babu annoba ko ɗaya. Sau uku muna rubuta takardar neman tukwane, ko amsa babu.

Kai ne ke tattara alƙaluman yankinmu, Auta. Ina fom ɗina suke shiga?

Inna kuwa ba ta wasa da sanarwar Laraba. Sai ta ƙure muryar rediyo, ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabta, "Ku saurara, aikin ɗana ne." Na saya mata takunkumi, ta rataye shi a ƙusa kusa da madubi. Ka yi mini bayani yadda zan gane, don Allah, ban da irin maganarku ta ofis.

Yayarka

Alhamis

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku lafiya. Mu ma lafiya, sai kullen da muke ciki, yara sun kusa rushe gidan.

Fom ɗinki suna isowa, duk suna cikin durowata. Amma ƙa'ida ita ce ba a lissafa mutum sai gwajinsa ya fito. Samfurin yankinmu kuma ana ajiye shi a ƙarshen layi, kafin a zo kansa ya lalace. Wanda ya rasu ba a ga sakamakonsa ba, akan rubuta masa hawan jini ko tsufa.

Kin ce ban da maganar ofis, to bari in faɗa miki ƙiri-ƙiri, amma ki ƙona takardar nan. Taswirar launi uku ce. Ja, an rufe gari. Rawaya, an hana taro. Kore, kowa ya yi harkarsa. Zaɓe saura wata guda, Ministanmu ɗan garinmu ne, kuma a filin ƙwallon garinmu zai yi babban gangaminsa ranar Asabar ta ƙarshen wata. Garin da aka hana taro ba a gangami a cikinsa. Kin gane ke nan. Garuruwan 'yan hamayya kuwa ko atishawa aka yi sai su koma ja, a rufe musu kasuwa.

Kowace Talata nakan haɗa jadawali da fensir in kai wa Darakta. Mai Jan Biro muke ce masa. Ba ya faɗa, ba ya zagi, har tambayar lafiyar yara yake yi. Sai ya zaro bironsa ya ja layi a kan lambar garinmu, ya rubuta sifili a gefe, ya ce, "Je ka kwafe da kyau." Ni kwafa kawai nake yi, Yaya, ba ni ke yanke hukunci ba.

Abin da ban lura da shi ba sai da na karanta takardarki shi ne wannan: sashen rabon kaya da wannan jadawalin nawa yake aiki. Gari mai mutum hamsin a ba shi tukunya goma. Gari mai sifili a ba shi sifili. Ba wanda ya zauna ya ce a hana ku, lissafin ne ya fito haka.

Don Allah ki hana Inna fita. Ki ce mata ni na ce.

Naki mai biyayya,
Auta

Alhamis

Auta,

Ina gaishe ka. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Inna tana gado na tara.

Na faɗa mata saƙonka a ranar da ya iso. Ta dube ni ta ce, "Auta ya faɗa wa duniya a rediyo babu cutar nan a garinmu, sannan ya faɗa miki wani abu daban a ɓoye? Ɗana ba ya ƙarya. Ke dai asibiti ya sa miki tsoro." Da wane baki zan gaya mata? Ashe tun kafin nan kullum tana gidan maƙwabciyarmu, matar tela, tana jinyarta, tana goge mata jiki, tana ba ta ruwa a baki, wai mura ce ta yi mata tsanani. Matar tela ta rasu ranar Lahadi. Ranar Litinin Inna ta kasa kaiwa ƙofa ba ta zauna ta huta ba.

Yanzu mu goma sha tara ne a ɗakin, wasu a tabarma tsakanin gadaje. Tukunyar nan mai yoyo ta ƙare. Ɗayar muke zagayawa da ita, minti ashirin-ashirin, kuma ni ke riƙe da agogo. Ni ke cire wa mutum abin shaƙar daga fuskarsa yana riƙe mini hannu, in kai wa na gaba. Jiya da lokacin Inna ya cika sai na yi kamar ban ga agogon ba. Na ƙara mata minti shida. Matar da ke gado na goma, mai goyon wata huɗu, tana kallona. Inna ce da kanta ta ture abin ta ce, "Ba wa yarinyar nan, ina ganin agogon ai." Shekara ashirin ina aikin nas, ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba.

Ka ce kwafa kawai kake yi. Na ji. Ni ma na san kana da yara uku da gidan haya, ban manta ba. Amma sau ɗaya nake roƙonka, Talata mai zuwa, ka rubuta goma sha tara ka tsaya a kai. In rabon yadda ka faɗa yake, tukunya huɗu ke nan. Huɗu za su ishe ni in daina kallon agogo.

Ta ce kada in gaya maka, wai kana da aiki mai muhimmanci, kada hankalinka ya rabu.

Yayarka

Litinin

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ki ƙarfin jinya. Tun da na karanta takardarki nake neman hanyar zuwa gida. Na nemi takardar izinin fita daga birni, an ce sai masu aikin zaɓe.

Ban jira Talata ba. Ranar Juma'a na shiga wurin Mai Jan Biro da fom ɗinki duka, na shimfiɗa su a teburinsa, na ce mahaifiyata tana cikinsu. Ya ce Allah ya sawwaƙe. Sannan ya ce in garinmu ya koma rawaya mako guda kafin gangami, shi da ni da likitanku duk za mu koma gida, a kawo wasu su rubuta sifilin. Ya ce, "Ka kawo mini hanyar da ba ta taɓa taswira ba, zan taimake ka."

Yaya, na samo hanyar. Na rubuta shawara cewa Minista ya ba asibitin garinsu kyautar tukwanen oksijin, ba don akwai annoba ba, don dai shirin ko-ta-kwana da ƙaunar mahaifarsa. Darakta ya yi dariya ya ce ashe ina da kai. Ya kai ta sama, kafin a tashi aiki an sa hannu. Takardarku ta neman tukwane ta yi wata biyu ba a buɗe ta ba, wannan kuwa awa uku.

Tukunya ashirin, ba huɗu ba. Na je ma'ajiya na gan su da idona, cike suke, na duba ma'aunin kowace. Ana manna musu hoton Minista yau, gobe Talata babbar mota za ta taso, kafin la'asar tana garinmu. Kin ga ba sai an yi rigima ba, in mutum ya san yadda ake bi da mutanen nan.

Ki ce wa Inna ta daure kwana ɗaya. Ki ce Auta ya aiko da iska.

Naki mai biyayya,
Auta

Litinin

Auta,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya kamar yadda kai ma za ka yi mini. A waya ranar Juma'a ban iya faɗa maka komai ba sai kalma biyu. Ga sauran.

Motarka ta iso Talata kafin la'asar, yadda ka ce. Ina tsaye a ƙofar asibiti na gan ta, har na ɗaga hannu. Ta wuce ni ta tafi ofishin jam'iyya.

Na bi ta da ƙafa, da kayan aikina a jikina. An sauke tukwanen a ɗakin baya, an sa kwaɗo. Shugaban jam'iyya na gari ya ce kyauta ce, kuma kyauta ba ta zama kyauta sai mai ita ya miƙa da hannunsa a gaban jama'a ranar Asabar. Na ce ya ba ni biyu, in dawo da su Asabar da safe a jera. Ya ce an sanar da ashirin, in 'yan jarida suka zo duba shiri suka ƙirga sha takwas, wa zai amsa? Na koma Laraba da likita. Na koma Alhamis ni kaɗai, na durƙusa masa a gaban masu manna fosta. Auta, ni da ko mijina ban taɓa durƙusa wa ba. Ya ce, "Baiwar Allah, kwana biyu ne fa ya rage. Kuma ai garin nan kore ne, gaggawar me ake yi?"

Daga tagar ɗakinmu ana hango rufin ofishin. Tafiyar minti bakwai ce, na ƙirga.

Tukunyarmu ta ƙare Alhamis da yamma. Na faɗa wa Inna saƙonka tun ranar Talata, shi ya sa duk sanda ƙofa ta motsa sai ta buɗe ido ta ce, "Iskar Auta ce?" Ina ce mata tana hanya. Juma'a da hantsi ta daina tambaya. Yarinyar gado na goma ta bi ta bayan azahar.

Mutum shida ne suka kai Inna makwancinta. Kai an hana ka takardar hanya, amma ranar Asabar motocin bas sun fi arba'in daga ko'ina, har daga birninku da yake ja. Filin ya cika, ba mai takunkumi. Ina jin lasifika daga ɗaki. An kawo mana tukwanen da yamma da masu ɗaukar hoto, aka ce in tsaya a gefe in yi murmushi. Tukwanen suna aiki, ban ce ba sa aiki ba. Nan da kwana goma, in mutanen filin nan suka fara zuwa, ashirin ɗin ma ba za su isa ba.

Ban san ko fushi nake yi da kai ba. Na gaji da yawa, ba na iya rabewa. Na san ka yi ƙoƙari, kuma ƙoƙarin naka ne ya sa na yi kwana uku ina kallon rufin nan.

Fom ɗin rasuwarta yana cikin ambulan na wannan makon. Ni na cika, likita ya sa hannu. Na rubuta sunan cutar da manyan baƙaƙe. Sauran goma sha ɗaya da suka rasu ban roƙe ka komai a kansu ba, na daina. Ita kaɗai nake so ta shiga lissafinka, tunda ta gaskata shi. Gobe Talata.

Yayarka

Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ki. Allah ya jiƙan Inna.

Na rubuta ɗaya, da biro, ba da fensir ba. Darakta ya tashi tsaye ya yi mini ta'aziyya, ya riƙe hannuna ya daɗe. Ya tambayi shekarunta, na ce saba'in da huɗu. Ya ce, "Allah sarki, tsufa." Ya ja layin. Ya ce bayan zaɓe za a sake duba komai, ya miƙo mini sabuwar takarda.

Na tsaya a gabansa, ban san tsawon lokacin ba. Na tuna yara. Na koma teburina na bayan ƙofa na kwafe da kyau.

Jiya Laraba an karanta a rediyo, garinmu kore ne. In rediyonta yana nan a kan taga, ki cire masa batir.

Ba sai kin amsa ba.

Auta