Ɗaya Kwalbar Ma Ta Yi Fumfuna

Mubina,

Na fita kina barci. Ban tashe ki ba, don ba ni da idon kallonki.

Man kaushin nan da na yi miki tijara a kansa jiya, na ce kin tsoma jiƙaƙƙen hannu kin lalata mini, to ba ke ba ce. Yanzu na buɗe ɗaya kwalbar da na kulle a akwatina, makulli a bakin zanena. Ita ma ta yi fumfuna, wari kamar mushe. Ashe ni ce gwanar da ta wanke ganyen darbejiya ta zuba a man kwakwa da ruwansa. Sati uku ina gadin ruɓaɓɓen abu kamar zinariya!

Na tafi Maikunkele wurin Maman Precious. Ita ta koya mini haɗin, ba ta ce a shanya ganyen ba. Yau sai ta gaya mini ko bakinta ciwo yake yi.

Ki zubar da man duka. Kada ki gaya wa mijinki komai. A gabansa na zage ki, a gabansa zan ba ki haƙuri.

Inna