Tafin Hannuna Na Dama Ya Kalli Sama, Inna

Zuwa ga mahaifiyata abar alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, da fatan makwancinki yana cikin haske, ina mai farin cikin gabatar miki da rahoto a kan wani talakanki da ya yi tawaye shekara da shekaru, wato hannuna na dama. Ya miƙa wuya, Inna.

Kin san asalin rigimar. Ni da na karanta tarihin dauloli da falsafar magabata, na ga bai dace in kira mai gyaran wuta saboda ƙwan fitila ɗaya ba. Na hau kujera a ɗakina na Mpape, nan gefen Abuja, na kama wayar fitilar, masu wuta kuwa suka zaɓi wannan lokacin suka dawo da ita. Ta girgiza ni ta yar. Da na tashi, kafaɗata ta ƙi juyawa waje, hannun ya manne a ciki kamar mai ɓoye goro.

An ɗauki hoton ƙashi ta gaba, aka ce lafiya lau. Maɗori ya ja, ya murza, ya shafa man shanu, na yi ihun da bai dace da mutum mai ilimi irina ba. Daga ƙarshe na yanke hukunci, cikin hikima, cewa zan zauna da abina. Ciwon ya lafa. Sai dai in na miƙa hannun, tafinsa ƙasa yake kallo, ba ya juyuwa.

Ke ce ba ki yarda da wannan sulhun ba. Ke da kika raine mu a kan cewa ba a karɓar ko ƙwayar gyaɗa da hagu. Duk zuwan da na yi gidanki a Jiwa, kina kallona ina kai loma baki da dabara, ba ki cewa komai, don ni ɗan fari ne, ko sunana ba ki faɗa. Mai Littattafai kike ce mini, kuma na daɗe ina zaton yabo ne.

A jinyarki ta ƙarshe kika ciro carbinki daga ƙarƙashin matashi kika miƙo mini. Na kawo hagu. Kika janye. Kika ce, "Ban haifi mai roƙon Allah da bayan hannu ba. Je ka a gyara." Sannan kika damƙa wa matata Hajara carbin, kika ce kada ta ba ni sai ranar da na buɗe tafin dama.

Na ɗauka raha ce. Sai ranar da muka kai ki. Jama'a suka ɗaga hannuwa suna nema miki rahama, ni kuwa tafina ɗaya yana roƙo, ɗayan yana kallon ƙasar da ta rufe ki. A nan duk karatuna ya kasa ba ni kalma ɗaya.

Shi ya sa na kai kaina asibiti a cikin gari. Likitar ƙashi, wata baiwar Allah mai Hausar Abuja, ta sa aka ɗauki hoto ta ƙarƙashin hammata, ta duba, ta ce, "Oga, wannan kafaɗa ya daɗe a waje." A da, da na gyara mata jinsin kalmar. Ranar shiru na yi, domin wadda za ta riƙe wuƙa ba a koya mata nahawu.

Ta bayyana mini cewa kan ƙashin hannun ya fice ta baya, ya maƙale a gefen gurbinsa, har gefen ya yi masa rami. Irin wannan gocewar, in ji ta, tana yawan ɓuya a hoton gaba, kuma in ta tsufa ja ba ya maido ta. Sai tiyata. Ba ta yi mini alkawarin sabuwar kafaɗa ba.

Na shiga ɗakin aikin da shirin yin jawabin ban kwana mai ratsa zuciya. Allurar barci ta katse ni a sallama. Suka tsaga ta gaba, suka share tsokar da ta cike gurbin, suka maido ƙashin gidansa, suka cike ramin da guntun ƙashi haɗe da jijiyarsa, suka ɗaure da ƙusoshi. Ɗanki yanzu yana ɗauke da ƙarfe kamar ƙyauren shago.

Makonni na yi hannuna a tokare, yana nuna gefe, har masu babur a gangaren Mpape suna tsayawa suna tambayata ina za ni. Sannan aka shiga gashin ƙashi. Hajara ta yi ta wanke ni, tana sa mini riga, tana dariya in na juya baya. Allah Ya saka mata, ita da likitar.

Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, har yau hannun ba ya kaiwa saman kantar littattafaina, kuma da damina yana tuna mini da kansa. Amma Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na miƙa shi a hankali, na juya, sai ga tafin yana kallon sama. Hajara ta gani. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗora carbinki a ciki. Har yanzu yana ƙanshin turarenki.

Na gode da kika janye hannunki ranar nan. Ban taɓa samun kyautar da ta kai wannan hanin ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya ba ki littafinki a hannun dama. Wannan addu'ar, Inna, da tafi biyu na yi ta.

Ɗanki mai biyayya, ko da a makare,
Mai Littattafai