Karen Baffa Isa

Daren Laraba, bayan isha'i.

Yau ma karen maƙwabcina Baffa Isa ya shigo ta ɓarakar darni. Ya yi kashi daidai inda nake shimfiɗa tabarmar salla, ya kuma tsoma baki cikin kwanon shan ruwana. Sau bakwai na wanke kwanon, ɗaya da ƙasa, ina wankewa ina masifa.

Na figi mayafi na nufi gidansa da maganganu cike da bakina. Na tarar da shi zaune kan angarib, gadonsa na saƙar igiya, karen kwance a ƙafarsa. Da na yi sallama ya juyo, amma ba inda nake ya kalla ba. Ashe idon ya tafi haka? Darni ɗaya ya raba mu, ban sani ba.

Kafin in buɗe baki ya ce, "Malesh, yi haƙuri ɗiyata, na san ɓarna ya yi miki. Tun da yara sunka tafi, shi ka kai ni hawasha, gonata, in taɓa dawata, shi ka hana ni faɗawa ruwan tur'a, magudanar ban-ruwan gonaki. Amma ungo, ɗaure shi."

Ya lalubo igiya yana miƙo mini.

Na ce gaisuwa ce kawai ta kawo ni. Allah ya yafe mini ƙaryar.

Da la'asar na toshe ɓarakar da karan dawa. Wallahi har yanzu ba na son karen nan, amma na ajiye masa ragowar kisra, wainar dawar da na yi, a bayan darni. Gobe zan kai wa Baffa tasa kisrar da miya. Kunya ta ishe ni: kare ya fi ni riƙon maƙwabtaka.